Ƙwallon Dabino Ɗaya a Gwangwanin Shayi

Ina zaune a tsakar gida da hantsi ina tsinkar na'ana'a, ƙanen maigidana ya yi sallama. Ba lokacin zuwansa ba ne. Na ɗaga kai na ga makullin motar yayansa a hannunsa, ya riƙe shi da yatsu biyu kamar abin da ya tsinta a hanya. Ya tsaya daga bakin ƙofa, bai cire takalmi ba.

Ya ce, "Yaya, sai haƙuri."

Daga baya ne na ji yadda abin ya faru. An same shi a mazauninsa cikin mota, a inuwar da direbobi ke tsayawa kusa da Masallacin Ƙiblatain, yana jiran baƙin da ya kai ziyara su fito. Da suka fito sun ɗauka barci ne ya kwashe shi, suka koma gefe suna jira, don ba su so su tashi dattijo. An yi masa salla a Harami bayan la'asar, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Iyakar abin da zan iya faɗa game da ranar ke nan.

Ina cikin takaba ƙanen nasa ya kawo mini abin da ya kwaso daga motar: darduma, carbi, tabarau mai karyayyen hannu da aka ɗaure da zare, sai wani tsohon gwangwanin shayi da fentinsa ya goge. Na girgiza shi, abu ɗaya ya yi ƙara a ciki. Babbar 'yarmu tana kusa da ni. Ta ji ƙarar ta yi dariya, sannan ta tashi ta shiga ɗaki. Ni da ita mun san abin da ke ciki, kuma labarinsa ba na baƙin ciki ba ne. Yawancinsa dariya ce, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta shi kafin ya soma zube mini.

Ni da maigidana duk a Madina aka haife mu, a unguwar Harra ta Gabas muka tashi, a nan muka yi aure. Aikinsa ɗaukar maziyarta. Yana da doguwar mota mai kujeru layi uku, kullum ya cika ta ya kai Ƙuba, ya kai Uhudu, ya kai Ƙiblatain, ya dawo da su bakin Harami, ya sake ɗaukar wasu. Yakan ce in aka haɗa tafiyar da ya yi a motar nan ta isa zagaya duniya, amma shi bai wuce Ƙiblatain ba. Cikin baƙinsa mutanen Sham ne suka fi hure masa kunne. In suka shiga motar da rani suna fifita da hula, sai su soma ba shi labarin bakin tekunsu, Bahar Rum, inda itatuwa ke gangarowa har bakin ruwa, inda mutum ke neman mayafi a tsakiyar bazara. Mu tekun da muka sani na Yanbu'u ne, kuma can rana ce a sama, rana a ƙasa. Shekara da shekaru yana dawowa gida da sunayen garuruwan nan a bakinsa, Tartus, Baniyas, Jabla, Lazikiyya, Kasab, har yara suka haddace su kamar karatu.

Wata shekara, 'yan makaranta sun samu hutu, azumi da saura, aikin hajji kuma yana can cikin sanyi, ya shigo ya ce mu shirya. Mu biyar muka tafi: shi, ni, 'yan matanmu biyu, da mahaifiyarsa da muke kira Iya. Da farko Iya ta ce ba za ta ba, ita da ta tako daga ƙasar Kano da ƙafa tana yarinya ta gama tafiyar duniya. Da ta ji za mu yi wata guda muna cin abincin mutanen da ba ta sani ba, sai ta ce ba za ta bar jikokinta su rame ba. Ta ɗaure garin dawa, kuka, daddawa, yaji da busasshiyar kuɓewa, ta sa aka ɗora su a saman mota tare da ƙaramin murhun gas da muke kira dafur. Shi kuma ya sayo katon uku na dabino, na ci da na kyauta.

Da safen da za mu tashi, mota ta cika, Iya ta tsaya riƙe da ƙofa ba ta shiga ba. Ba ta kiran sunansa, don shi ne ɗanta na fari. Ta ce, "Kai, ka saurare ni. In wani ya ce ka kai masa gaisuwa wurin Manzon Allah, kada ka ce ka ɗauka. Ka ce in Allah Ya sa ka tuna. In ka ce ka ɗauka, amana ta hau wuyanka."

Wannan abu ne da duk ɗan Madina ya sani. Ya yi dariya ya ce ai mai zuwa Madina ake ba saƙo, shi kuwa barin ta zai yi.

Iya ta ce, "Za ka dawo ai." Ta shiga ta zauna.

Muka bi ta Haibara da Taima, muka kwana a Tabuka wurin wani abokinsa, muka ratsa ƙasar Urdun. Ba abin da ya faru sai zafi da rigimar yara a kan wa zai zauna kusa da taga. A kan iyakar Sham ne aka fara. Wani soja ya hau saman motar yana bincike, ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci, ya kusa faɗowa. Ya sauko fuska a murtuke ya karɓi fasfo. Yana buɗe na maigida ya ga inda aka rubuta wurin haihuwa, sai na ga fuskarsa ta sake. Ya duba nawa, ya duba na yara, duk Madina. Ya sumbaci fasfon ya ɗora a goshi, ya sunkuyo ta taga ya faɗi sunansa da na ubansa, ya roƙi a kai masa gaisuwa.

Maigida ya dafa kansa ya ce, "Ala rasi." Wato a kaina.

Iya ta yi tari daga baya. Ya yi kamar bai ji ba. Lokacin akwai dabino a bakinsa. Ya fito da ƙwallon, ya goge a gefen rigarsa, ya jefa cikin gwangwanin shayin da ya ƙare a hanya, ya ce wannan na sojan ne. Ya juyo ya ce mini in riƙe sunan, shi zai riƙe adadin. Babbar 'yar ta ce, da Larabci kamar yadda suka saba amsa mana, me zai hana ta rubuta a littafinta. Ya ce a'a. Sunayen mutanen nan akwai sunan Allah a cikinsu, takarda kuwa a mota ƙarshenta ƙarƙashin ƙafa. Haka gwangwanin ya samu aiki, ni ma na samu.

Ina so a gane dalilinsa, don ba wauta ba ce. A gida mu mutanen Harra ne kamar kowa. Direba ne baƙar fata cikin direbobi, ba mai waiwayarsa sai mai neman mota. A Sham kuwa da zarar an tambaye shi daga ina, ya ce Madina, sai a miƙe tsaye. Maƙwabtan Manzo, haka suke kiran mu. Mai sayar da mai ya kira ƙannensa su zo su gan mu. Wata mata ta shafa kan ƙaramar 'yarmu ta shafa a fuskarta. Iya ta ba shi shawara in an tambaye shi ya ce Sa'udiyya ya yi shiru. Ya gwada sau ɗaya a wani gidan abinci a garin Himsa. Mai gidan abincin ya ce wane gari, maigida ya dube ni, ya dubi Iya, ya ce Madina da ƙarfi har na teburin gaba suka juyo. A wurin nan kaɗai ƙwallo huɗu suka shiga gwangwani.

Daga Himsa hanya ta juya yamma, ta bi tsakanin duwatsu masu kore. Muna gangarowa wani kwari, iska ta shigo ta taga, mai sanyi da ɗan danshi. Ƙaramar ta farka ta tambaya wa ya kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, alhali motar ba ta da ita. Sai ga tekun a gabanmu, shuɗi har iyakar gani, da gonakin zaitun da na lemo suna bin gefensa. Maigida ya tsayar da mota a gefen titi, ya fita ya tsaya riƙe da ƙugu. Da ya dawo ya ce ashe mutanen nan ba ƙarya suke yi ba, duk shekarun nan yana amsa musu ne kawai don ladabi.

A Tartus muka kama ɗaki biyu a gidan wata bazawara, taku kaɗan daga ruwa. Washegari Iya ta sa aka kai mata dafur bakin teku, ta kafa shi a bayan wani dutse saboda iska, ta tuƙa tuwo ta kaɗa miyar kuka. Mutane suna wucewa da burodi da zaitun suna leƙen tukunya. Matar gidan ta zo, Iya ta gutsura mata loma. Ta ɗaga hannu, miyar ta bi ta tana ja, ta rasa yadda za ta tsinke ta, ta yi ta ɗaga hannu sama har ta miƙe tsaye. Muka yi dariya har da hawaye, ita ma haka. Ta haɗiye ta ce da daɗi, amma ba ta ƙara ba. Da yamma ta aiko mana da soyayyen kifi da sunayen mutum uku: nata, na mijinta da ya rasu, da na ɗanta da ke aikin jirgin ruwa.

Ni da 'yan mata mun tsoma ƙafa da abayoyinmu, igiyar ruwa ta jiƙa mu har gwiwa muka gudu, muka sake komawa. Maigida ya shiga da dogon wandonsa da singileti, ya tsaya inda ruwa ya kawo masa ciki, ya tsuguna ya miƙe sau uku, ya fito yana huci. Har ya bar duniya in ana hira yakan ce shi ya yi iyo a Bahar Rum, ni kuma ban taɓa ƙaryata shi a gaban mutane ba.

Kullum da safe kafin mu tashi daga gari, akwai abin da muke yi. Zai shimfiɗa hankici a kan mota ya juye gwangwanin, ya riƙa ɗaukar ƙwallo ɗaya ɗaya yana cewa na soja, na mai sayar da mai, na mai ɓaure, ni kuma ina faɗin suna da sunan uba. Yara suka mai da shi wasa, suna rige-rigen faɗa kafin ni. Iya tana gefe da kofin shayinta tana cewa ita dai ta faɗa tun a ƙofar gida.

Baniyas ba mu daɗe ba, mun sha ruwan wata ƙorama mai sanyi da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse ta shiga teku. A Jabla mai gasa masara ya ƙi karɓar komai, ya ce a kai gaisuwarsa ta ishe shi. Maigida ya ba shi dabino cike da hannu biyu, mutumin ya ƙi ci, ya naɗe a takarda ya ce sai ya kai wa uwarsa. Lazikiyya ce babba. Akwai doguwar hanya a bakin ruwa da mutane ke yawo da yamma, maza da mata da yara, ana sayar da ƙanƙara mai zaƙi. Akwai kuma wani wurin shaƙatawa a arewa da garin da jerin ƙananan ɗakuna na haya a kan yashi. Mun kwana biyar a can. Iya ta ga yadda wasu ke shiga ruwa, ta juya kujerarta ta fuskanci mota, ta ce ita motar ɗanta ta fi mata kyan gani.

A nan ne muka yi faɗanmu ɗaya tak na tafiyar. Da safe ya juye gwangwani, muka bi sunaye har suka ƙare, ƙwallo uku suka rage a kan hankici. Ya dube ni ya ce na manta mutum uku. Na ce ban manta kowa ba. Muka sake daga farko, uku suka sake ragewa. Ya ce tun daga kan iyaka ya ba ni aiki ɗaya, na ce tun daga kan iyaka aka ce masa kada ya ɗauka. Ya zauna a bakin mota ya dafe kai, yana ta lissafo wuraren da muka tsaya, ko akwai wanda ya ba shi saƙo ina banɗaki.

Can Iya ta ce, ba tare da ta dube mu ba, jiya ta ci dabino uku a mota, ta ga gwangwanin ƙwallo, ta zuba.

Ya miƙa hannu zai ware ukun ya yar, sai ta ce ya bar su.

"Tun da sun shiga, sun shiga. Ɗaya na babana, ɗaya na innata, ɗaya na ƙanena. Don su zo su yi gaisuwar nan suka baro gida, ba wanda ya iso a cikinsu."

Ta faɗa mini sunayensu. Shekara goma sha biyar ina gidan ban taɓa jin su ba sai ranar. Ya mayar da ukun cikin gwangwani a hankali, ya rufe. Daga nan Iya ba ta sake yin tari ba in ya ce ala rasi.

Kasab tana kan dutse, sai an yi ta hawa ana kwana cikin dogayen itatuwa masu ƙamshi. Motarmu da ta saba da shimfiɗaɗɗiyar hanyar Ƙuba ta yi zafi sau biyu, muka tsaya muna ba ta ruwa muna cin tuffa. A can muka nemi bargo da rana tsaka, kamar yadda aka gaya masa. Yawancin mutanen garin Kirista ne, suka karɓe mu hannu biyu, amma ba wanda ya ba da saƙo. Kwana uku gwangwanin yana hutawa. Na ce masa ni a bar ni a nan, kaina ya samu sarari. Shi kuwa sai na ga kamar an rage masa wani abu, yana ta gaya wa masu shago shi daga Madina yake, suna cewa madalla, sabulu nawa za a ba shi.

A hanyar dawowa muka sake tsayawa Tartus, don akwai wani tsibiri da ake hangowa daga gari, Arwad, da muka bari sai ƙarshe. Iya ta ce ko da wasa. Ta shiga jirgin ruwa sau ɗaya daga Sawakin zuwa Jidda tana yarinya, kuma ta yi alkawari tsakaninta da Ubangijinta ba za ta ƙara ba. Muka shimfiɗa mata darduma a inuwa a bakin tashar jiragen ruwa, da tamos ɗin shayi.

Wanda ya ɗauke mu wani tsoho ne mai koren jirgi, ido ɗaya ya yi fari, hannuwansa kamar busasshen itace. Shi da maigida suka zauna a baya wurin inji, kafin mu kai rabin hanya sun zama kamar 'yan uwa. Tsohon ya ce tun yana saurayi yake kai mutane tsibirin nan yana dawo da su, sau nawa a rana bai sani ba, kuma ko Dimashƙa bai taɓa zuwa ba. Maigida ya buga cinya ya ce ai aikinsu ɗaya, shi ma haka yake zagaye tsakanin masallatai uku. Suka yi ta kwatanta fasinjoji: wanda ke zuwa a makare, wanda ke koya wa direba tuƙi, wanda ke amai. Tsibirin kansa lunguna ne matsattsu, ba mota ko ɗaya, ko'ina ana sassaƙa jirage. Muka ci kifi, yara suka sayi sarƙar bawon kifi, tsohon ya dawo da mu kafin la'asar.

A bakin tasha, kusa da inda Iya ke zaune, ya riƙe hannun maigida bai saki ba. Ya faɗi sunansa da na ubansa. Maigida har ya kai hannu kansa, tsohon ya ce ya dakata. Ya ce duk shekara yana ba alhazan garinsu gaisuwa, su tafi su dawo, a yi musu walima, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce masa ya kai. Shi kuma yana jin nauyin tambaya.

Ya ce, "Ban sani ba ko tana isa. Kai maƙwabcinsa ne. Ka kai, ka dawo ka gaya mini ta isa."

Iya ta ce da Hausa, a hankali, "Wannan kam ka ce in Allah Ya nufa."

Maigida ya ce wa tsohon, "In Allah Ya nufa, baɗi war haka zan zo in gaya maka da bakina."

Ya zaɓi dabino mafi girma a katon na ƙarshe, ya ba tsohon naman, ya karɓi ƙwallon ya sa a gwangwani. A mota Iya ta ce masa rabin maganarta ya ɗauka, ya ƙara nasa rabin a kai.

Da muka iso gida ƙwallayen sun haura arba'in. Ba ya iya riƙe suna fiye da uku a lokaci ɗaya, don haka muka tsara: bayan la'asar in raka shi har kusa da ƙofar Harami, in faɗa masa uku, ya shiga yana maimaitawa har gaban kabarin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya isar, ya fito. A hanya ba ya amsa sallamar kowa, don kada suna ya zube. Abokansa direbobi suka soma cewa tun da ya je Sham ya sha iskar teku ya daina gaisawa da talakawa. Ranar iyayen Iya da ƙanenta ta ce a tafi da ita. Ta zauna a waje ta jira shi, da ya fito ya ce mata ya kai, ta ce to, muka dawo gida.

Duk ƙwallon da saƙonsa ya isa yakan ware shi a aljihu. Da suka cika ya kai su gonar wani abokinsa a Aƙiƙ ya binne a gefen magudanar ruwa. Na tsohon nan shi ya kai na ƙarshe, shi kaɗai ranar, ba tare da wasu biyu ba. Ya fito ya mayar da ƙwallon cikin gwangwani, ya sa a aljihun gaban mota. Ya ce wannan rabin aikinsa aka yi.

Baɗi ya zo, azumi ya shigo cikin hutun yara, kuma azumi lokacin aikinsa ne. Shekara ta gaba aka yi auren babbar 'yar. Sannan Iya ta kwanta, muka yi shekara biyu ba mai matsawa ko'ina, har Allah Ya karɓe ta. Bayan haka masu zuwa daga Sham suka riƙa cewa hanya ba lafiya. Kafin ta lafa, aikin hajji da ke matsowa kowace shekara ya iso tsakiyar bazara ya zauna, direban Madina kuwa ba ya barin gari a lokacin.

Bai zauna haka kawai ba. Duk baƙon da ya shiga motarsa ya ji harshen Sham a bakinsa, sai ya tambaye shi ko daga wajen Tartus yake. In ya ce e, sai ya tambaye shi ko ya san wani tsoho mai koren jirgi. Wani ya yi dariya ya ce rabin jiragen Arwad kore ne, sauran rabin shuɗi. Ya faɗi sunan, aka ce masa in ka tsaya a tashar ka kira sunan nan mutum goma za su waiwayo. Duk da haka sau uku yana ba mutane ƙullin dabino da saƙo. Ɗaya ya yi alkawarin rubuto wasiƙa. Yakan dawo gida ya tambaye ni ko an kawo takarda, har ya daina tambaya.

Na taɓa ce masa tsohon nan da wuya in yana raye. Ya ce shi bai ji rasuwarsa ba. Na ce to ai ka aika, cikin mutum uku ɗaya zai kai. Ya ce haka alhazan garinsu ma suka yi ta ɗauka, shi ya sa tsohon ya riƙe masa hannu. Ya ce, "Da bakina na ce."

In yara suka taru, ba wannan ɓangaren muke tunawa ba. Miyar kuka muke tunawa, da iyon babansu, da ƙwallaye ukun Iya. Wani lokaci ya ɗauko gwangwanin ya girgiza, ya ce na soja, su amsa da suna, ya ce na mai ɓaure, su amsa, har mijin babbar ya haddace wasu alhali bai je ba.

Mako biyu kafin rasuwarsa ya sa aka canja wa motar taya huɗu. Ya ce mini ya gaji da jiran bazara, in baƙi suka ragu za mu tafi ko cikin sanyi ne, mu biyu, ba dafur ba daddawa, ai teku yana nan ko da sanyi. Na ce sai na ga an ɗora kaya. Ya ce in soma tuno sunan. Na ce ban taɓa manta shi ba.

Har yau ban manta ba. 'Yan matan sun ce in na gama takaba za su sa mazajensu su kai ni a jirgin sama, in tsaya a tashar in tambaya. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ba ni na yi alkawarin ba, kuma ban san ko bakina zai tsaya a madadin nasa ba. Gwangwanin yana kan kabad kusa da carbinsa. Gaisuwar ta isa tun shekarar da muka dawo, tsohon ne har yanzu ba a gaya wa ba.